Rasuwar Baƙin Fentin Motar da Ba a Taɓawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, cikar da har tana zuba kamar bokitin da aka manta a bakin famfo, iyalan gidan nan mai kallon shagon aski suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabta na kusa da na nesa, har da masu leƙe ta taga suna cewa labule suke gyarawa, cewa Baƙin Fentin Motar gidan ya riga mu gidan gaskiya. Ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya da doguwar jinya, a hannun wanda ya fi kowa ƙaunarsa, kuma da hannun nasa.

Marigayin ya tafi da ƙuruciyarsa. Bai taɓa karo da kowa ba. Babur bai taɓa gogarsa ba, akuya ba ta taɓa sosa jikinta da shi ba. Ruwan wanka ne ya kwantar da shi, magani ya ƙarasa shi.

Saboda baƙi da waɗanda ba su san gidan ba, ya kamata a faɗi asalin marigayi, tunda asalin nasa ma an sha yi masa ƙarya. Tsohuwar gidan 'ya'yanta uku. Akwai Yaya Babba, mai aiki a wata ƙasa. Akwai Auta, malamar makaranta. A tsakaninsu kuma akwai Manaja, wanda ya samo sunan nan a wani shagon sayar da fanka da ya taɓa riƙewa. Shagon ya rufe tun tuni, sunan ya ƙi rufewa. Yaya Babba ne ya sayi motar. Da zai koma bakin aikinsa sai ya kira Manaja gaban uwarsu, ya ɗora masa mabuɗi a tafin hannu.

"Saboda Inna na saye ta," in ji shi. "Gwiwoyinta sun gaji da hawa motar haya. Asibiti, gaisuwa, duk inda ta ce, ka kai ta. In za ka wanke, ka wanke a inuwa, ka goge nan take kafin ruwan ya bushe a jiki, ka san ruwan rijiyarmu zartsi ne, yana barin tabo. In na dawo na tarar ka riƙe amana, mabuɗin nan ya zama naka."

Maganar ta yi wa kunnen Manaja tsawo. Ƙarshenta kawai ya kama, ya soke a aljihu tare da mabuɗin. A ganinsa amana ita ce sheƙi: in Yaya ya dawo ya ga fuskarsa a jikin mota, shi ke nan, mota ta zama tasa. Kafin ma ta zama, ya riga ya sanar a shagon aski cewa shi ya saye ta, har da bayanin yadda ya matsa wa dillalin a wurin ciniki.

Duk wanda ya san marigayi zai yi masa shaidar alheri. Baƙi ne wuluk, mai sheƙi, mai kunya, ba ya shiga harkar kowa. Mata in sun zo wucewa a jikinsa suke gyara ɗaurin kallabi, daga nesa. Mai aski ya rantse akwai waɗanda ba sa yarda da madubinsa sai sun tsallaka titi sun duba kansu a ƙofar motar. Ba a taɓa jin marigayi ya ɗaga wa kowa murya ba. Maganarsa ɗaya ce tak a duniya: in Manaja ya gama goge shi ya ja ɗan yatsa a kan bonet, sai ya ce, "Ƙiiii." Manaja ya lumshe ido kamar wanda jariri ya kira Baba karon farko. 'Ya'yan cikinsa kuwa in sun kira shi Baba, amsar da suke samu ita ce, "Ku matsa daga jikin motar nan."

Ya sha gata irin wanda ko ɗan fari bai sha ba a gidan. In hadari ya haɗo, duk inda Manaja yake sai ya baro wurin a guje. An taɓa ganinsa ya tashi a tsakiyar dubiyar surukinsa, mara lafiya yana cikin ba shi labarin ciwonsa. Bishiyar ƙofar gida ma, wadda Tsohuwa take zama a ƙarƙashinta, shi ya sa aka sare mata rassa, wai tsuntsaye suna yi wa marigayi rashin kunya. Tsohuwa ta ja kujerarta zuwa bakin ƙofa. Ita dai ba ta da mantuwa.

Amma abin da ya fi komai tsare mutuncin marigayi shi ne doka. Asalin dokar kuwa ranar farko ce da Tsohuwa ta zo shiga mota. Ta shafa man zafi a gwiwa kamar kullum, ta dogaro sandarta, ta iso bakin ƙofa, ta dafa rufin motar don ta samu ta sunkuya. Da ta ɗaga hannu sai ga yatsu biyar ɓaro-ɓaro a kan baƙin fenti. Manaja ya saki wata ƙara da ta fito da matarsa daga kicin da ludayi a hannu, ta ɗauka wuta ce ta kama.

"Inna! Inna, kin ga abin da kika yi?"

"Na ga hannuna. Da shi na wanke ka, ai bai bar maka tabo ba."

Ranar ba a je ko'ina ba, aka wuni ana goge yatsu. Daga nan aka kafa doka: ba mace, ba yaro, ba tsoho, ba mai taɓa motar nan sai shi. Wanda ya taɓa, ko da gefen mayafi ne, ya shirya jin wa'azi har abinci ya huce. Tsohuwa kuma duk ranar asibiti sai a ce mata mota tana hutawa, ko gari ya yi alamar ruwa, ko hanyar asibitin akwai tsakuwa. Auta ce take riƙe ta su tsaya bakin titi, ta tura ta cikin motar haya tsakanin buhu da kwando, marigayi yana kwance a rumfa, lulluɓe da tamfol, cikin ƙoshin lafiya.

Game da ciwon ajali, iyali sun ga ya dace a faɗi gaskiya, don an fara yaɗa cewa bakin mutane ne ya kama shi. Ba baki ba ne, ba hassada ba ce. Gidan yana da rumfa mai inuwa mai sanyi, da famfo a gefenta. Aibin rumfar ɗaya ne: tana cikin gida, ba mai ganin wanda yake wanki a ciki. Saboda haka Manaja yakan fito da mota ƙofar gida, ya jawo tiyo, ya naɗe hannun riga, kuma ba ya fitowa sai rana ta take, lokacin da titi ya cika da masu dawowa daga makaranta da kasuwa. Ya san sharrin ruwan, ya san sharrin ranar, shi da kansa yake karantar da mutane a shagon aski. Abin da ya dogara da shi saurin hannu ne. Da ya ɗauraye sai ya bi da tawul kafin ɗigo ɗaya ya bushe, yana yi yana amsa gaisuwa.

Ranar da abin zai faru, ya sa sabulu, ya ɗauraye, ruwa ya kwanta a jikin marigayi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa duwatsun wuya. Ya miƙa hannu zai ɗauki tawul ke nan, waya ta yi ƙara. Yaya Babba ne. To ina mutum zai tsaya a titi, gaban mai aski da tela, yana cewa "Motarka tana nan lafiya, Yaya"? Sai ya ruga cikin gida, ya shige uwar ɗaka, ya turo ƙofa. Yaya kuwa yana da labari: ya sami hutu, yana nan tafe. Ga shi mutum ne mai son gaisuwa, sai ya tambayi lafiyar kowa har kajin gida.

A waje, Tsohuwa tana kan kujerarta, matar Manaja da Auta suna tsaye kusa da ita. Tawul yana rataye a bakin bokiti, taku kaɗan daga inda suke. Rana tana aikinta, ba reshe ko ɗaya da zai tare ta.

"Inna, ruwan nan fa bushewa yake," in ji matar Manaja.

"Ina gani. Gwiwa ce ta mutu, ido yana nan."

"Ko in ɗan goge?"

"Da wane hannun? Ke da aka yi wa wa'azi a kan gefen mayafi?"

Auta ta ce, "Ni dai Yaya Manaja ya ce ko wuta motar nan ta kama, a kira shi, kada a taɓa."

"To ku kira shi mana."

Matar ta je ta ƙwanƙwasa. Daga bayan ƙofa Manaja ya daka mata tsawa cewa yana magana mai muhimmanci, kada a dame shi. Iyali suna so duniya ta shaida cewa a tarihin gidan nan ba a taɓa yi wa doka biyayya irin ta ranar ba. Mata uku suka harɗe hannu cikin ladabi, suna kallon ruwa yana komawa sama yana barin gishirinsa a ƙasa.

Kafin Manaja ya fito, ƙyasbi ya feso wa marigayi. Farare-farare, zagaye-zagaye, tun daga bonet har but, rufin kuwa kamar bayan zabuwa. Ya goga tawul, suna nan. Ya tofa yawu ya murza, suna nan. Ya ja ɗan yatsa don ya ji muryar da ya saba ji, marigayi ya ce, "Garrr."

Daga nan aka shiga jinya. Maganin farko sake wanka. Da ruwa ya taɓa jiki sai tabon ya ɓace ɓat, Manaja ya yi tsalle, ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta ga abin da ake ce wa sani. Kafin ta goge hannu ta fito, jiki ya bushe, tabon ya dawo, ya taho da ƙannensa.

Magani na biyu daga mai aski ya fito, shi ma a waya ya gani: a gauraya ruwan khal, mai tsamin nan na kwalba, da ruwa mai kyau rabi da rabi, a jiƙa tsumma mai laushi, a bi wuri kaɗan-kaɗan a inuwa, a ɗauraye, a goge. An ce da an bi wannan a hankali, da yanzu ba a rubuta sanarwar nan ba. Amma Manaja ya ce sirka magani da ruwa aikin marowaci ne, shi ba zai yi wa motarsa rowa ba. Ya kwarara shi tsagwaronsa, a tsakiyar rana don ya fi shiga jiki, ya bar shi ya jiƙu. Unguwa ta ɗauki tsami. Tabon ya ɗan ja baya, wannan gaskiya ne, amma ya tafi da sheƙin. Marigayi ya dusashe kamar idon kifin da ya kwana.

Tela ya tsallako da nasa: lemun tsami da man goge baki. Aka matse, aka shafe, aka murza da tsohon buroshi. Ba a sami sauƙi ba, sai dai iyali suna alfahari da cewa marigayi ya bar duniya yana ƙamshin baki, shi da bai taɓa cin komai ba.

A lokacin Manaja ya daina cin abinci. Yakan tsuguna gaban bonet yana neman fuskarsa, sai ya ga wata inuwa mai kama da dankali. Duk wayar da ta yi ƙara sai ya zabura ya duba ko Yaya ne. In ya rufe ido, mabuɗi yake gani yana fita daga aljihunsa, da mai aski yana dariya da almakashi a hannu. Matarsa ta ce a kai wa mai fenti ya duba tun da sauran numfashi. Ya ce ba wani ƙato da zai ɗora masa hannu a mota, doka ba ta ware mai fenti ba.

Sai hankalinsa ya kai kicin. Ya tsaya yana kallon matarsa tana wanke tukunya, baƙi yana fita, ƙarfe yana haske. Ya yi tunani irin na manyan manajoji: abin da ya iya fitar da baƙi daga fari, ai zai iya fitar da fari daga baƙi. Ya faki idonta ya ɗauke soson ƙarfe. Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa gaban yara. Marigayi ya yi ta kuka, "Ƙurrr, ƙurrr," Manaja yana ba shi haƙuri yana ƙara dannawa. Da aka ɗauraye, ƙofar direba kamar kyanwoyi sun yi dambe a kanta.

"Baban yara, sosona fa?" in ji matar daga kicin.

"Ana maganar rai kina maganar soso!"

Ranar cikawa, ya aro inji wurin mai walda. Akwai injin da masu fenti suke goge mota da shi, mai soso mai laushi, mai juyawa a hankali. Wannan ba shi ba ne. Wannan na gyara bakin ƙarfen ƙofa ne. Manaja ya ɗaura masa tsohuwar singileti, ya ce ai duk juyawa ce. Mai walda ya tambaye shi me zai yi da shi, ya ce sirrin gida ne. Aka jona wuta. Inji ya ce "Wiiiii," singileti ta yi sama ta sauka a kan wayar lantarki, inda take har yanzu ga mai son ziyara. Marigayi ya ce "Tsss," hayaƙi ya ɗan tashi, wari ya biyo baya. A tsakiyar bonet sai ga fili launin toka, faɗin faranti, ƙarfe yana leƙowa ta cikinsa.

Mai aski ya tsaya da rabin kan mutum a hannunsa. Tsohuwa ta miƙo wuya daga kan kujerarta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ya cika. A ja masa tamfol."

Manaja bai karɓi ƙaddara ba. Da safiyar ranar da Yaya Babba zai iso, ya sayo baƙin man takalmi gwangwani-gwangwani, ya bi gawar ya shafe, ya buga da buroshi. Daga nesa, ga mai ciwon ido, ba laifi. Ya fito da ita ƙofar gida, ya tsaya a gefenta yana ta gumi.

Yaya Babba ya sauko daga tasi cikin fararen kaya tas. Ya durƙusa ya gaishe da uwarsa, ya rungumi ƙannensa, unguwa ta taru ana sannu da zuwa. Shi bai san da wata doka ba. Cikin hira da dariya sai ya juya ya jingina da bonet, ya zauna sosai, irin zaman mai abu. Man takalmi kuwa ya sha rana ya narke. Da Yaya ya miƙe, rabin gyaran Manaja ya miƙe tare da shi. Yara suka tuntsire da dariya, aka kwaɓe su, masu kwaɓar su ma suna cizon leɓe.

Yaya ya dubi bayan rigarsa, ya dubi farantin tokar da ya bayyana, ya dubi ƙaninsa. Manaja ya shiga bayani. Ya faro daga zartsin ruwa, ya bi ta kan mai aski, ya ɗora wa tela nasa kason, yana shirin isa ga mata ukun da suka ƙi gogewa, Yaya ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi. Fenti ne, ana sake wani."

Manaja ya ja numfashi, har jini ya fara dawo masa fuska. Sai Yaya ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba, gefen mai zaman banza. Kujerar tana nan cikin ledarta ta kamfani, sumul, ko lanƙwasa babu. Ya sa kai ya shinshina. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san inda Tsohuwa ta zauna ba ya rabuwa da ƙamshin man zafi. Motar kuwa ƙamshin lemun tsami take yi.

"Inna, yaya kujerar nan? Tana yi wa bayanki daɗi?"

"An ce tana da laushi," in ji Tsohuwa. "Na ji labari wurin masu leƙawa ta gilashi."

"Asibitin fa?"

"Auta tana kai ni a motar haya. Direbobin sun san ni, mutanen kirki, har buhu suke matsar mini."

Yaya Babba bai ɗaga murya ba, dama shi ba ya ɗagawa. Tafin hannu kawai ya buɗe. Manaja ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, kamar bai san inda abin yake ba, alhali kowa yana jin ƙararsa. Da mabuɗin ya fito bai tsaya ko'ina ba sai hannun Auta, wadda ta daɗe da lasin tuƙi a jaka ba abin tuƙawa.

Daga tsallaken titi mai aski ya ɗaga murya, don shi bai iya tambaya a hankali ba: "Manaja! Au, dama motar ta Yaya ce?"

Marigayi ya rasu ya bar mata ɗaya, wato motar kanta, wadda injinta lafiya lau, kuma ga dukkan alamu ba ta ma san an yi mutuwa ba. Ya bar tayoyi huɗu da 'yar uwarsu ta cikin but da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ya bar tawul-tawul masu laushi, waɗanda ko jariran gidan ba a taɓa goge su da irinsu ba. Ya bar rabin kwalbar khal, da soson ƙarfen da mai shi ta ce ba ta karɓa sai sabo. Ya bar farar riga guda da mai wanki ya dawo da ita ya ce a yi haƙuri. Ya kuma bar Manaja, maraya, wanda yanzu yake zagayawa ta bayan layi zuwa wani shagon aski mai nisa.

Za a ɗauki gawa daga ƙofar gida in rana ta take, daidai lokacin da marigayi ya saba fitowa, don duk wanda ya saba kallo ya samu ya yi bankwana. Auta ce za ta tuƙa. Za a bi ta asibiti tukuna, saboda Tsohuwa tana da ganin likita, daga nan a wuce garejin mai fenti, inda za a kankare abin da ya rage a yi sutura. Tsohuwa za ta zauna a gaba, an riga an yage ledar. Za ta shafa man zafinta, ta dafa inda ta ga dama. An kuma bar mata zaɓin sabon launi, ta ce a sa launin toka, tunda Manaja ya riga ya fara.

Za a karɓi ta'aziyya a rumfar cikin gida, a inuwa, inda Manaja zai ci gaba da wankin mota bisa umarnin Yaya Babba, ƙofa a rufe, ba ɗan kallo ko ɗaya. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo shawarar magani, an sami isasshe. Masu saurin kuka kuma su tsaya nesa da mota. Hawaye ma da gishirinsa, in ya bushe tabo yake bari, mai gogewar kuwa ya rame.

Sanarwa daga Tsohuwa, a madadin iyali, daga kujerar gaba.